Farin Akwatin da Yaya Tokiko Ta Bari a Jirgi

Shafi na 19

Masu aiko min da saƙo cewa na shanya ku kwana uku, duk na gani. Ba jan rai nake yi ba. Sau huɗu ina fara shafin nan ina gogewa, don duk ta inda na juya shi ni ce ba na fita da kyau a ciki. Ga shi nan dai yadda ya faru.

Kun tuna inda muka tsaya. Yayata Tokiko ta taso daga ƙauyen su Mama na bakin teku a Shimane, ɗauke da akwatin ƙasusuwan Mama da suka rage bayan ƙona gawa, don a lokacin saura kwana biyu a cika arba'in da tara da rasuwarta, ranar da za a sa ta a kabarin gidan su Baba a nan Osaka. Da yamma ta iso gidana da jakar hannu da ledar tsaraba, babu akwati. Ta ce ta manta shi a jirgin zagaye, jirgin ƙasan nan mai kewaya gari.

Ni kuma Michiyo, shekara ashirin da biyu ina zaune a teburin yi wa baƙi jagora a tashar Umeda. Ba ni da aiki sai gaya wa mutane yadda za su shiga garin nan su fita ba su ɓata ba. Da hannuna na rubuta wa Yaya shafi biyu na shawarwari, na aika mata tun sati biyu kafin tafiyar.

Washegari ƙarfe tara da rabi muka fita neman akwatin, don ko a rana irin wannan ban iya tura mutum cikin jirgi kafin tara ba. Cunkoson safe sai ya murƙushe ki. A kan matakala mai tafiya da kanta na ja hannun rigarta.

"Yaya, koma dama. Hagu na masu sauri ne."

"Na sani," ta ce. "Yana cikin takardarki. Layi na huɗu."

Maganar ta tsaya min a rai. Katin jirginta cike yake da kuɗi kamar yadda na ce. Ledar zuba shara tana cikin jakarta, don na gaya mata ba za ta ga kwandon shara a titi ba. Wayarta a kashe tun kafin mu shiga tarago. Lambar ƙofar da za mu fita ma ita ta riga ni faɗa. Matar da rabonta da garin nan shekara goma sha tara ke nan.

Ofishin kayan tsintuwa a ƙarƙashin layin dogo yake, warin jiƙaƙƙun lemomin kare ruwan sama ya cika shi. Wani dattijo mai furfura na zaune a bayan tebur, da farar safar hannu, an rubuta Shiomi a ƙirjinsa.

"Sannunku da zuwa. Me aka manta?"

Na jira Yaya ta yi magana. Ta kafa wa ƙasa ido.

"Mahaifiyarmu," na ce.

Ko gezau bai yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna, ya jawo wani fom daban daga aljihun tebur. Ashe har fom ɗinsa gare su.

"Ƙarfe nawa aka shiga jirgin?"

"Ban tuna ba," in ji Yaya.

"Tarago na nawa?"

"Ban duba ba."

"Wace tasha aka sauka?"

"Nan dai. Ko ta gabanta."

"Haba Yaya!" na ce. "Na rubuta miki, duk jirgin da kika shiga ki dubi lambar tarago. Har jan layi na yi a ƙarƙashi."

Dattijon ya ɗaga hannu a hankali.

"Ba komai, baiwar Allah. Akwai hanya mai sauƙi. Takardar izinin binnewa tana cikin akwatin, ko? A ciki aka saba sa ta, da suna da komai. In tana nan, aikin minti biyar ne."

"Tana ciki," na ce da sauri.

"Madalla. Sai a ba ni katin shaidar wadda ta yi mantuwar."

Yaya ta buɗe jaka. Tana zaro katin, wata doguwar ambulan ta zamo ta faɗi a kan ƙafata. Na duƙa na ɗauka. Bakinta a buɗe yake, na ga jan hatimin ofishin hukumar ƙauyen, na ga sunan Mama, Kuwabara Sumie.

Takardar izinin binnewa ce.

Dattijon ma ya gani. Sai ya mai da idonsa kan fom kamar wanda aka ba karatu.

"Zan shiga ciki in duba," ya ce. "Zai ɗauki lokaci. Akwai benci a waje, in kuna son shan iska."

Ban san sanda na fizgo hannunta muka fito ba.

"Mene ne wannan?"

"Kin iya karatu ai."

"Yaya Tokiko, me takardar nan take yi a jakarki?"

"Na cire ta."

"Yaushe?"

"Tun a gida. Kafin in ɗaure akwatin."

Jirgi ya bi ta samanmu, ƙarar ta cika wurin. Dole muka yi shiru muna kallon juna har ya wuce. Na zauna a kan bencin.

"Ke nan ba mantuwa kika yi ba."

"Ni na taɓa manta abu? Ko tsarabar busasshen kifinki na manta?"

"Kin ɗora Mama a kan kantar kaya, kin sauka, kin bar ta?"

"E."

"Kamar lema?"

"Kar ki ce haka."

"To in ce me? Ki gaya min abin da zan ce! Jiya ban runtsa ba, ina ta tausayinki, ina cewa gajiya ce, tsufa ne ya fara kama Yaya. Har shayi na dafa miki!"

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta ɗora jakar a cinya ta riƙe da hannu biyu. Zaman Mama sak.

"Ita ta roƙe ni," ta ce.

"Ta roƙe ki ki yar da ita a jirgi?"

"Ta roƙe ni kar in bari a sa ta a kabarin nan. Kwana shida kafin ta cika. Ta kama wuyan hannuna, sai da farcenta ya bar min shaida. Ta ce, Tokiko, shekara talatin da ɗaya ina wanka da ruwan da suka rage. Ba zan kwanta a ramin da suka rage ba."



Na san ruwan da take nufi. A gidan Kaka, uwar Baba, kwarmin wanka ɗaya ne. Baba ne farko, sai Kaka, sai ƙannen Baba, sai mu yara. Mama ce ƙarshe, bayan ta gama wanke-wanke, lokacin ruwan ya huce, gashin kowa na yawo a kai. Ina ƙarama na ɗauka haka take so.

"Wannan ai tsohon zance ne," na ce. "Kaka ta mutu. Baba ya mutu."

"Shi ya sa. Suna can ciki suna jiranta."

"Ƙashi ne fa, Yaya. Ƙashi ba ya jin komai."

"In ba ya jin komai, me ya hana ki barci jiya?"

Haushinta ya kama ni, don tun muna yara haka take, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ki nemi wurin zama.

"Da sai ki binne ta a ƙauye."

"A ina? Kabarin gidansu na ɗan wanta ne yanzu. Na je har gida na durƙusa. Ya ce wadda ta yi aure ta fita, ta fita. Matarsa ta ba ni shayi ta rako ni ƙofa."

"Da sai ki gaya wa Baffa Genzo gaskiya."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ke kin taɓa ce wa Baffa Genzo a'a? Ya kira ni ranar da aka ƙona ta, tun hayaƙi bai gama tashi ba. Ya ce sunanta na jikin dutsen kabarin tun rasuwar Baba, da jan fentin da ake yi wa mai rai, ba abin da ya rage sai a kankare jan. Na ce, to, zan duba. Kowa ya san in an ce zan duba, a'a ake nufi. Shi sai ya ce na gode, ya kashe waya."

Kamar ya ji ana ambatonsa, wayata ta hau ruri. Ƙanen Baba ne, shi ne babba a gidan yanzu, shekararsa tamanin da ɗaya. Na miƙe tsaye kafin in ɗauka, har da sunkuyar da kai, sai ka ce yana ganina.

"Baffa, ina kwana?"

"Michiyo, yayarki ta iso lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Sumie fa? Kun kunna mata turare?"

Na kalli Yaya. Ta kau da kai.

"Mun kunna."

"Yawwa. Gobe ƙarfe goma, kar ku sa malamin ibada ya jira. Mai dutse ya gama aikinsa jiya, na je na gani da idona, ya yi kyau. Mutum goma sha huɗu za su ci abinci. Ku shigo ta ƙofar gabas, ta yamma hawa gare ta."

"To, Baffa."

"Uwarku ta sha wahalar gidan nan. Ko ba komai a ce ta huta a cikinsa."

Ya kashe. Na tsaya riƙe da wayar. Wato shi ma ya sani, duk sun sani, kuma a ganinsa alheri yake mata.

"Kin ji da kunnenki," in ji Yaya. "Ga ki nan ke ma, to Baffa, to Baffa."

"Ni me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na kira ki sau uku."

"Ba ki ce komai ba!"

"Na farko na ce, Michiyo, akwai maganar Mama. Kika ce, Yaya, kin sayi katin jirgi? Na biyu kika ce in aiko da babbar jaka ta hannun masu kai kaya, kar in ja ta cikin tasha. Na uku kika ce in riƙe tsabar kuɗi don ba kowane shago ke karɓar kati ba. Sai na ce to."

Kunya ta lulluɓe ni. Duk na tuna. Ina jin muryarta na rawa a wayar, ni kuwa na ɗauka tsoron birni ne, na yi ta zuba mata shawara.

"Amma jirgi, Yaya? Wa ya kawo miki wannan tunanin?"

Ta buɗe jakar, ta zaro takardata. Ta sha ninki har ta fara yagewa. Ta juya shafi na biyu ta miƙo min, yatsanta a kan layin ƙarshe.

Rubutuna ne. Na rubuta: Kar ki damu in kin manta wani abu, a garin nan ba abin da ke ɓata. Ko ƙasusuwan mutum aka bari a jirgi ajiyewa ake yi, in ba mai nema a kai wa 'yan sanda, daga baya a binne su a gidan ibada tare da na marasa kowa. Har 'yar fuskar dariya na zana a gefe.

Wasa ne fa nake yi. Abin da muke ba sababbin ma'aikata dariya da shi ke nan a wurin cin abinci.

"Na karanta ya fi sau hamsin," ta ce. "Na ce ashe akwai wuri. Wurin da ba wanda ya san ta, ba wanda zai ce mata 'yar ƙauye, ba wanda zai gyara mata magana."

"Marasa kowa, Yaya! Mama tana da 'ya'ya biyu!"

"Biyu?"

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. Tun jiya sai yanzu ta kalli cikin idona.

"Ranar tsince ƙashinta daga toka, ni da wa muka riƙe tsinke? Mutum biyu ke ɗaga ƙashi ɗaya, kin sani. Na waiga ina nemanki, aka ce kin bi jirgin ƙarfe uku. Matar maƙwabci ce ta kama min. Da ita muka sa uwarki a tulu."

"Ina da aiki washegari. Makon hutu ne, ba wanda zai karɓe ni."

"Na sani. Baƙi na jiranki, kar su ɓata."

Wani jirgin ya sake bi ta sama. Na gode masa, don kukan da ya ƙwace min ba mai kyan ji ba ne. Mutane na wucewa ta gabanmu da jakunkunansu, ba wanda ya kalle mu. Wannan ma na sha gaya wa baƙi, in ce a nan ba a zura wa mutum ido, ladabi ne. Ran nan na ji ina ma wani ya yi rashin ladabin ya tsaya.

"Ba yar da ita na yi ba," in ji Yaya, muryarta ta yi ƙasa. "Sau uku muka zagaya gari. Na ɗora ta a cinya, kusa da taga. Na nuna mata kogi, na nuna mata tsohuwar fadar nan. Shekara talatin da ɗaya a garin nan ba ta taɓa ganinta ba sai a kalanda. Na ce, Mama, ga Osakar da kika wanke wa kwanuka. A zagaye na uku na ɗora ta sama, na gyara mata ɗaurin. Na sauka na tsaya a bakin layi, kaina a sunkuye, har jirgin ya ɓace."

"Kin san laifi ne? In suka gane da gangan ne, wurin 'yan sanda za a kai ki."

"Mantuwa ba laifi ba ce."

"Dattijon nan ya ga takardar!"

"Ke kika ɗaga ta sama ai."

Na share fuska da bayan hannu. Kaina ya kulle. Ina tuna Mama a bakin kwarmin wanka tana tsame gashi da ɗan kwando, ina tuna Baffa da sandarsa a gaban dutsen da aka kankare, ina tuna mutum goma sha huɗu da baƙaƙen kaya. Duk wanda na bi a cikinsu, na ci amanar wani.

"Yaya, ki taimake ni. Mu karɓo ta tukuna. In ya so mu zauna mu yi shawara."

"Shawara." Ta girgiza kai. "In ta shiga gidanki yau, gobe ƙarfe goma tana cikin ramin nan. Ke kin sani, ni na sani."

Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa.

Ƙofar ofishin ta buɗe. Dattijo Shiomi ya leƙo.

"Iyalan Kuwabara, ku shigo."

Ba gaban tebur ya tsayar da mu ba. Wani ƙaramin ɗaki ya kai mu a ciki, bayan kantocin lemomi da jakunkuna. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan wani tebur, an kunna turare guda ɗaya a gefe.

Akwati biyu ne a kai.

Girmansu ɗaya. Farin yadi iri ɗaya, igiyar ado iri ɗaya, irin wanda kowane gidan ƙona gawa ke bayarwa.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Makon ziyarar kaburbura ne, masu tafiya da irin wannan kaya suna da yawa. Jiya biyu aka sauke daga jirgin zagaye. Na duba, duk babu takarda a ciki. Tulun kuwa ba ma buɗewa, kuma ko an buɗe ba suna a jikin ƙashi."

"Ba wata alama?" na ce.

"Sai wadda mai shi ya sani. Wanda ya ɗauko shi zai nuna nasa, ɗan'uwa ya sa hannu a matsayin shaida, shi ke nan." Ya mai da idonsa ƙasa. "Ni mantuwa na rubuta a fom. Ban ga wani abu ba."

Na matsa kusa. Na dubi na dama, na dubi na hagu. Na sa hannu na shafa yadin, ina jira ko zuciyata za ta gaya min wani abu. Ba ta ce komai ba. Ban taɓa ganin akwatin Mama ba, ina cikin jirgi sanda aka naɗe shi. Uwata tana gabana, taku ɗaya, ban san ta ba.

Sai a lokacin na gane inda aka ajiye ni. In Yaya ta nuna na gaskiya, gobe mu kai Mama inda ta roƙa da farce kar a kai ta. In ta nuna ɗayan, mu kwantar da uwar wasu ko uban wasu kusa da Baba, Mama ta tafi cikin marasa kowa. Ni kuma ba ranar da zan san wanne aka yi.

"Yaya," na ce a hankali. "Don Allah. Kar ki yi min haka."

Ba ta kalle ni ba. Ta zo gaban teburin, ta haɗa tafin hannuwanta, ta sunkuya wa na dama, ta sunkuya wa na hagu, duk tsawonsu ɗaya. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Wannan ne."

Na hagu ta nuna.

Dattijon ya juyo da fom ɗin wajena, ya miƙo min biro da hannu biyu.

"Sai shaida ta sa hannu a nan."

Na karɓi biron. Na ɗago na dubi fuskar yayata.

Murmushi take yi.